Yadda ake sauke ƙaramin jirgi ba tare da an karya tayar gaba ba

Yawancin jiragen koyo da na ga an ja su zuwa wajen gyara ba daga sama suka faɗo ba, a kan titin sauka aka lalata su, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, jirgi ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ɗalibi ya firgita ya danna hanci ƙasa. Da ƙaramin jirgin koyo Cessna 172 zan yi misali, in samfurin DA40 ne naku to duba littafinsa don lambobin ba ɗaya ba ne.

Fara da gudu. Ka shigo saitin titi da not 65 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), filaf, wato faifan bayan fiffike da ke taimaka wa jirgi tafiya a hankali, a sauke, ka gyara tirim, abin da ke daidaita tsayuwar hanci, har ya zama ko ka sassauta hannu hancin bai motsa ba. Ɗalibai na son ƙara not 10 saboda tsoron kada jirgi ya sitol, wato fiffike ya kasa ɗaukarsa ya nutse, toh wannan ƙarin shi ke jawo komai, jirgin zai yi ta shawagi ya ƙi zama, kai kuma kana ganin titi na ƙarewa sai ka fara tilasta masa. Ni a wajena in an sauko ƙafa 300 gudu bai zauna ba ko ba ka kan layin tsakiya, a fasa saukar kawai a sake zagayowa.

Da ka tsallake bakin titi ka janye totur a hankali, ka ɗauke ido daga gaban hanci ka kai shi can ƙarshen titin, ka riƙa jan sitiyari kaɗan kaɗan kana hana jirgin taɓa ƙasa har ya gaji ya zauna da kansa. Manyan tayoyin nan biyu na baya su za su fara sauka. Ta gaba ba a yi ta don ɗaukar nauyin bugun ƙasa ba.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Ka bugi ƙasa, jirgi ya koma sama, titi ya ɓace maka a ƙarƙashin hanci, hannunka da kansa zai so ya tura gaba. Dan Allah kar ka tura. In ka tura tayar gaba ce za ta fara dukan kwalta, ta wurgo hancin sama, ka sake turawa a makare, tsalle na biyu ya fi na farko, na uku yawanci a nan ƙafar gaba ke lanƙwashewa farfela ta ci kwalta, za ka ga bakinta ya nannaɗe baya. Kuma da farfela ta taɓa ƙasa sai an kwance inji an bincika cikinsa, kuɗin kuwa da dala ake lissafinsa, jirgi ya zauna sauran ɗalibai su yi ta jiran layi. Sake zagaye ɗaya fa man 'yan mintuna ne kawai.

Don haka tsallen farko in ya yi tsayi, ba shi wuta duka, taka fedal na dama don hancin zai fizga hagu, riƙe shi kar tirim ya ɗaga maka shi fiye da kima, mayar da filaf zuwa digiri 20, sauran sai gudu ya ƙaru ka yi sama, kar ka kwashe filaf ɗin lokaci ɗaya jirgin zai nutse. Maganar rediyo daga baya. Wasu malamai na koyar da ƙara 'yar wuta a gyara ƙaramin tsalle, ni ban yarda ɗalibin da bai yi solo ba, wato bai taɓa tashi shi kaɗai ba, ya gwada wannan.

Iskar gefe kuma, wanda ya koya a makarantar tuƙin jirgi ta Zariya lokacin hunturu ya san ta, karkatar da fiffike wajen iskar, fedal ya miƙe hanci. Bayan ka taɓa ƙasa ci gaba da riƙe sitiyari baya, birki a hankali, kar hannunka ya taɓa wani maɓalli sai ka fita daga titin.