Iyayen yara masu sikila, ga yadda za ku tare shanyewar ɓarin jiki tun kafin ta zo

In aka ce shanyewar ɓarin jiki yawancinmu tsoho mai hawan jini muke hangowa, to wallahi yaro ɗan shekara biyar mai sikila ma tana kama shi, kuma ba kaɗan ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cikin yara 100 masu SS, kusan 11 ne ke samunta kafin su kai shekara 20 in ba a ɗau mataki ba. Ƙwayoyin jinin nan da suka lanƙwashe suna ta gogar cikin manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa har jijiyar ta ƙuntace, ga ƙarancin jini kuma, sai jinin ya riƙa wucewa da mugun gudu kamar ka matse bakin tiyo. Wannan gudun ana iya auna shi tun yaro yana wasansa lafiya lau, kuma shi ne duk abin da nake so iyaye su sani.

Abu na farko, ku nemi gwajin TCD, shi ne ke auna wannan gudun jinin a jijiyoyin kai. Da sunan za ku tambaya a kilinik ɗin sikila, ku ce likita yaron nan an taɓa yi masa TCD kuwa? Na'urar sikanin ce, za a shafa ɗan mai a gefen kan yaro tsakanin ido da kunne a ɗora ƙaramin abu a wurin, ba allura ba ɗibar jini, shi dai ya kwanta shiru kar ya yi barci. Ana farawa daga shekara 2 har zuwa 16, sau ɗaya duk shekara, ko da yaron bai cika ciwon ƙashi ba. Wannan ɗin ne ke yaudarar mutane, a ce ai nasa mai sauƙi ne, alhali yawan ciwon ƙashi daban, abin da ke faruwa a jijiyar kai daban.

In sakamako ya fito kar ku karɓi "ba komai" kawai ku tafi, ku tambayi lambar gudun jinin da aka samu. Ƙasa da 170 lafiya, sai baɗi. Daga 170 zuwa 199 yana kan iyaka, za a sake gwajin bayan wasu watanni, kar a yi wasa da ranar. 200 zuwa sama kuwa haɗari ne, irin waɗannan yaran kusan 1 cikin 10 ke samun shanyewa duk shekara in aka bar su haka. Ku rubuta lambar da kwanan wata a littafi ɗaya, ko ku ɗau hoton takardar a waya, saboda fayil na ɓata.

To in lambar ta yi sama me za a yi? A 1998 wani bincike da ake kira STOP ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da sama da kashi 90 cikin ɗari. Amma fa duk wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini da daddare ya san ƙarin jini duk wata shekara da shekaru ba abu ne da talaka zai iya ba, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki sai an sha wani maganin mai tsada an fitar. Shi ya sa binciken SPRING ya burge ni, don a nan gida aka yi shi, a Asibitin Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Barau Dikko a Kaduna tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Yara 220 masu lamba 200 zuwa sama aka ba maganin Hydroxyurea, wasu ƙaramin awo wasu matsakaici, sakamakon ya fito a 2022, ƙalilan ne suka samu shanyewa a duka ɓangarorin biyu, waɗanda suka sha matsakaicin kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa.

Don Allah kar wani ya karanta wannan ya wuce kemis ya siyo. Likita ne ke yanke awon bisa nauyin yaro, yaro na girma ana gyarawa, kuma dole ana duba jini lokaci zuwa lokaci saboda yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Kullum ake sha, ba sai ciwo ya tashi ba, in kuɗi ya yanke ku faɗa wa likita gaskiya kar ku ce yana sha.

Akwai kuma wata shanyewar da ba ta nuna kanta, ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa da sai hoton MRI ke gani, kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran suna da shi. Yaro da yana ƙoƙari a makaranta sai ya fara mantuwa, hadda ta gagara, lissafi ya koma baya. Kar a sa masa bulala a ce daƙiƙi ne, a faɗa wa likitansa, a kuma yi wa malaminsa bayani.

Ranar da kuka ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, ko da abin ya wuce cikin minti biyar, asibiti kai tsaye. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya, kar a tsaya shafe-shafe da hayaƙi, kar a ɗura masa komai a baki don zai iya shaƙewa. Ku lura da ƙarfe nawa abin ya fara, kuna isa ku ce yaro mai sikila ne kuma muna zargin shanyewar ɓarin jiki, saboda abin da yake buƙata ƙarin jini ne cikin gaggawa, ku kira wanda zai iya ba da jini tun kuna hanya.