Kurakuran da aka fi yi wajen kare allon rama da ɓuntu daga wuta

Yin amfani da zaren rama ko ɓuntun shinkafar Kura wajen haɗa allon silin da bangon raba ɗaki abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ya ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san wuta ba abin wasa ba ce.

Babban kuskure shi ne a yi wa zare maganin hana kama wuta a bar gam ɗin da ke riƙe shi. Sau da yawa gam ɗin foliyesta ko roba ne ke rura wutar, da baƙin hayaƙi mai shaƙe mutum kafin harshen wutar ya iso gare shi. A zuba maganin cikin gam ɗin ma, a gauraya har ba gudaji.

Sai zaɓen magani ba tare da duba zafin injin narka roba ba. Aluminiyam haidroksaid, wani farin garin maganin wuta, yana sakin ruwan da ke cikinsa tun wajen digiri 200, wannan ruwan kuma shi ke sanyaya wuta. Idan robarka a wannan zafin take narkewa, maganin ya gama aikinsa a cikin inji, allon ya fito da kumfa. Magniziyam haidroksaid ya fi dacewa a nan, domin yana jurewa har wajen digiri 300. Dukansu sai an zuba kusan rabin nauyin haɗin, allon kuma ya yi saurin karyewa. Ni na fi son wani maganin, amoniyam folifosfet, ga zaren tsiro: kaɗan ya isa, kuma yana mai da fuskar allon gawayi mai toshe iska.

Borakis, wani farin gishirin da shi ma ke hana kama wuta, na da araha, amma ruwa na wanke shi. Kwano ya yi yoyo a damina, kariyar ta tafi. A ajiye shi ga abin da ba ya jiƙewa.



Abin da ya fi damuna shi ne gwajin ashana a tsakiyar allo. Wuta ta gefe take kamawa. Yanko siririn ɓalli, rataye shi a tsaye, ajiye auduga a ƙasa, kanga masa wuta daƙiƙa 10, ka janye, ka sake kangawa. In wutar ba ta mutu cikin daƙiƙa 10 ba, ko ɓallin ya ɗiga ya kunna audugar, kada ka ce wa mai saye allon ba ya cin wuta.