Darasi na 7: Wutar sola, lissafi kafin saye da yadda ake kula da batir

Toh 'yan uwa ɗalibai maza da mata, darasin yau akan wutar sola ne, wato lantarkin da ake samu daga hasken rana, kuma abinda nake so kowa ya fita dashi shine ya iya lissafin wutar da gidansa ke ci da kansa ba sai mai sayar da kaya ya faɗa masa ba. Yawancin masu kukan cewa sola bata da ƙarfi ko batir baya riƙe caji, in ka bincika zaka tarar tun ranar saye ba'a yi lissafi ba.

Me yasa muka damu da ita?

Fetur da dizal da gas da kwal duk in aka ƙona su suna fitar da iskar kabon, ita kuma tana taruwa a sama tana riƙe zafi. Kafin zamanin masana'antu yawanta a iska kusan 280 ne cikin miliyan, yanzu ta haura 420, shi yasa zafi ke ƙaruwa ruwan sama ke rikicewa, nan fari can ambaliya. A 2015 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Faris cewa za'a yi ƙoƙari kada ƙarin zafin ya wuce digiri 1.5. Amma ni abinda yafi taɓa min zuciya hayaƙin cikin gida ne, dan Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin hayaƙin itace da gawayi da kananzir da ake shaƙa a ɗaki, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Fitilar sola ko ɗaya ce ta kori fitilar kananzir daga ɗakin da yaro ke karatu, ai an rage wani abu.

Kayan aikin

Farantin sola shine ke kama haske ya maida shi lantarki, da wani sinadari ake yinsa mai suna silikon wanda daga yashi ake tace shi. Wanda aka fara yi mai amfani a Amurka ne a 1954, kashi 6 cikin 100 na hasken kawai yake maidawa wuta, na yanzu suna kai 20 ko fiye, kuma tsakanin 2010 da 2020 kuɗinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Faranti mai kyau yana shekara 25 yana aiki. Daga faranti wuta na bi ta kwantirola, ɗan akwatin da ke hana batir cika fiye da ƙima, sannan ta shiga batir. Batir tamkar tankin ruwa ne, da rana a cika da dare a ɗiba, kuma ba zaka ɗebi abinda baka zuba ba. In kana da kayan da ke cin irin wutar soket kamar talabijin ko firji sai an haɗa da inbata, ita ke juya wutar batir ta koma irin tasu.

Lissafi, nan ne gundarin darasin

Ku ɗauko biro da takarda. Kowane kayan wuta in ka juya bayansa ko ƙasansa zaka ga lamba da harafin W, wannan shine wat, ma'aunin yawan wutar da yake ja. Sai ka ninka wat ɗin da adadin awannin da kake kunna shi a rana, shikenan.

Bara mu gwada tare. Kwan fitila 4, kowanne wat 10, sun zama wat 40, ana kunna su awa 5, 40 sau 5 ya bada 200. Fanka mai wat 40 ita ma awa 5, wani 200 kenan. Cajin waya biyu mu sa musu 30. Haɗa duka, 430. Wannan shine cin gidan a rana ɗaya.

Yanzu faranti. Mutum zai ce ai rana tana awa 12 a sama, eh haka ne amma ranar safe da ta yamma basu da ƙarfi, awannin da faranti ke aiki da cikakken ƙarfinsa wani wurin 3 ne wani wurin 5 ko 6, ya danganta da inda kake da kuma lokacin shekara. Mu ɗauki 5. Faranti mai wat 100 sau 5 ya bada 500, sai dai ba duka ke isa ba, wayar wuta na ci zafi na ci batir ma na ci, dan haka ka cire kwata, saura 375. Kaga bai kai 430 ba kenan, wanda ya sayi wannan kullum wutarsa zata ɗauke kafin ya kwanta kuma zai ce an cuce shi. Mai wat 150 kuwa 750 ne, cire kwata ya rage kusan 560, wannan ya isa harda ɗan saura.

Shi kuma batir lambobi biyu ne a jikinsa, misali 12V da 100Ah, ninka su 1200, wannan shine yawan wutar da yake ɗauka, ma'auni ɗaya da 430 ɗin da muka samu na cin gida. Amma batir mai dalma, irin mai nauyin nan da aka fi sani, ba'a shanye shi ƙarƙaf, rabi ake ɗiba wato 600, in kana tatse shi kullum har ya mutu to ba zai daɗe ba. Na litiyam yana jure a ɗebi kashi 80 cikin 100 kuma yafi daɗewa, sai dai yafi tsada. Sannan ku kiyayi duk abinda ke yin zafi, dutsen guga kaɗai yana jan kusan wat 1000, awa ɗaya na guga ya ninka cin gidan nan na yini guda har ya wuce.

Kula da faranti

In kana arewa da layin da ya raba duniya biyu faranti ya kalli kudu, in kana kudu da layin ya kalli arewa, a ɗan karkata shi. Kada inuwa ta taɓa shi ko kaɗan, dan ƙananan gidajen da ke jikinsa a jere aka haɗa su, inuwar reshe ɗaya akan gefe guda tana iya rage wutar farantin sosai. Ƙura ma haka, a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A bar tazara a ƙarƙashinsa iska ta wuce dan haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake. Wajen haɗawa kuma batir ake fara jonawa da kwantirola kafin faranti, in baka saba ba ka kira mai aikin wuta.

Batir in ya mutu

A ajiye batir a inuwa inda iska ke shiga, nesa da wuta da hannun yara, domin mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji. In ruwansa ya ragu tataccen ruwa zalla da ake yi dan batir ake ƙarawa, ba asid ba kuma ba na sha ba.

Ranar da ya daina aiki kuwa, dan Allah dan Annabi kada a fasa shi, kada a zubar da ruwan cikinsa a ƙasa ko a kwata, kada a jefa shi bola ko a ƙona. Ruwan asid ne yana ƙona fata yana makantarwa, dalmar kuma guba ce dake shiga jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, yaro ya taso baya gane karatu ba'a san dalili ba, kuma masana lafiya sunce babu wani ɗan adadi na dalma a jini da za'a ce ba komai. Wannan wajen nake so ku riƙe da kyau, dan in muka gudu daga hayaƙi muka zuba guba a ƙasar da yara ke wasa bamu gyara komai ba. Kusan duk dalmar dake ciki ana iya narkar da ita a masana'anta a yi sabon batir, saboda haka a ɗauke shi a tsaye yadda yake a maida wa masu sayar da batir ko wurin da hukuma ta ware, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

Aikin gida

Kowa ya zagaya gidansa ya rubuta kayan wuta uku da wat ɗin kowanne da awannin da ake kunna shi, ya haɗa jimla, sannan ya faɗa mana faranti mai wat nawa zai ishe shi in rana na bada awa 5. Wanda bai ga lambar W ba ya kwafo duk abinda aka rubuta a jikin kayan, zamu duba tare a aji na gaba.