Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta aikatau *keusaną

Wannan aikatau na uwar harsunan Jamusawa ne, wadda ta haifi Turanci da Jamusanci da harshen Gotawa (wata tsohuwar al'umma ta Turai). Ma'anarsa ɗanɗanawa, gwadawa, zaɓe. Babu takarda ko dutsen da aka same shi a rubuce, masana ne suka gano siffarsa ta hanyar kwatanta harsunan da suka fito daga gare ta. Shi ya sa ake sa masa tauraro a gaba. Wanda ya cire tauraron ya yi da'awar shaidar da ba shi da ita. Ƙugiyar da ke ƙarƙashin ą ma a bar ta, alama ce ta wasalin da ke fita ta hanci.

Babban tuntuɓen yana cikin siffofi huɗun da ake haddacewa: *keusaną (zaɓe), *kaus (ya zaɓa), *kuzun (sun zaɓa), *kuzanaz (zaɓaɓɓe). Ɗalibi kan ga s a biyun farko, sai ya ɗauka z ɗin kuskuren bugu ne, ya gyara ya koma *kusun. Yakan kafa hujja da harshen Gotawa, tunda fassarar Baibul ɗinsu ta ƙarni na 4 ce, kuma kusun ke ciki. To amma tsufan takarda bai isa hujja ba. Gotawa ne suka daidaita siffofin duka suka koma s. Dokar Karl Verner, ɗan ƙasar Denmak, wadda aka buga a 1877, ita ta warware zancen: s da ke tsakiyar kalma takan zama z idan nauyin furuci na asali bai sauka kan gaɓar da ke gabanta ba. A siffofi biyu na ƙarshe nauyin yana kan ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ke ƙarshen kalmar. Gyaran shi ne a duba tsohon Turanci: cēosan, cēas, curon, coren. Wannan r ɗin tsohuwar z ce, irin wadda ta raba was da were a Turancin yau. Kunnen Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda ya saba jin sayas da sayar.

Wasu kuma sukan rubuta *keusidi don "yana zaɓe". Daidai shi ne *kiusidi, domin eu takan koma iu idan akwai i a gaɓar da ke biye.

Sai masu cewa daga gustus na Latin aka aro kalmar. 'Yan uwa ne, saiwarsu ɗaya, *ǵews-, dokar Jacob Grimm ta 1822 ce ta bayyana yadda g ta zama k. Aron ma Faransanci ne ya yi: choisir (zaɓe) daga *kauzijaną na uwar harsunan Jamusawa ya samo asali.