Yadda za ka zauna cikin Almasihu kullum

'Yan uwa masu bi na Asawase da Aboabo a Kumasi, wannan magana ba sai ka ji tsigar jikinka ta tashi a coci ba. Tun ranar da ka ba da gaskiya an riga an haɗa ka da Yesu, baftisma ma abin da take nunawa kenan, an binne ka tare da shi kuma an tashe ka tare da shi, duba Romawa 6. Naka dai ka zauna a ciki.

To da asuba kafin ka taɓa waya buɗe Yohanna 15 ka karanta aya 1 zuwa 8 a hankali, inda Yesu ya ce shi ne kuringar inabi mu ne rassan, reshe kuwa ba ya 'ya'ya shi kaɗai. Ɗauki aya ɗaya ka riƙe a ka, cikin trotro, motar haya, zuwa kasuwar Kejetia ka dinga maimaita ta, ko da yaron mota ya riƙe maka canji ranka ya ɓaci, ai nan ne ma ta fi amfani.

In ka yi zunubi kar ka bari ya kwana, faɗa wa Ubangiji nan take, 1 Yohanna 1:9. Kuma don Allah ka daina tsallake Jibin Ubangiji saboda kasuwa, ran Lahadi rufe shagon ka zo.