Yadda ake tsara sharuɗɗan shiga kwamitin ƙungiyar masu shan taba a Maraɗi

Idan mashaya sigari suka yanke shawarar kafa ƙungiya, sunanta da tambarinta da wanda zai zama shugaba su ne ke cinye musu dare a fada. Maganar wanda ya cancanci zama a kwamitin zartarwa kuwa sai a ajiye ta har ranar da rigima ta ɓarke. Wannan ita ce ya kamata a gama tun kafin a ɗaga hannu a zaɓi kowa.

Ku fara rubuta haƙƙin da kuke nema, don shi zai nuna irin mutanen da za su jagorance ku. Dokar Nijar mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta hana tallanta, ta hana sayar wa yara. Saboda haka babu wani haƙƙin busa wa fasinja hayaƙi a cikin motar Dakoro. Abin da ƙungiya za ta iya tsayawa a kai shi ne kada a wulaƙanta mashayi idan ya je asibiti da tari, a faɗa masa gaskiyar abin da yake zuƙa, kuma a taimaka masa in ya yi niyyar dainawa. Sharaɗin farko ke nan: ɗan takara ya sa hannu cewa ya yarda da wannan doka.

Sai takardu. Ƙungiyoyi a Nijar suna ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, kuma sunayen shugabanni na cikin abin da ake kai wa hukuma kafin ofishin ministan cikin gida ya ba da izinin aiki. Ku nemi katin ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, da shaidar cewa mazaunin garin ne. A ganina shekara 21 ita ce mafi ƙaranci. Ku ƙara da cewa sai wanda ya shekara yana biyan kuɗin wata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: kuɗin kamfanonin taba. A 1993 an kafa wata babbar ƙungiyar mashaya a Amurka, mai suna National Smokers Alliance, da kuɗin kamfanin Philip Morris. A Ingila ma ƙungiyar FOREST, wadda aka kafa a 1979, daga kamfanonin taba take samun mafi yawan kuɗinta. Da sunan mashaya ake magana, amma abin da ake karewa ciniki ne. Shi ya sa yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 2005, ta keɓe sashe na 5.3 don kare manufofin lafiya daga hannun masana'antar.

A Maraɗi ba sai an je da nisa ba. Garin ya daɗe yana zaman mashigar sigari zuwa Najeriya, kuma kowa ya san hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Wanda zai zo muku da tayin biyan hayar ofis da buga riguna ba Bature ba ne, ɗan gari ne da kuke gaisawa da shi, mai sito cike da kwalayen sigari. Ku rubuta a fili: dila, da wakilin kamfani, da yaron shagonsu, da duk wanda ya karɓi kyauta daga gare su a cikin shekara 3 da suka wuce, ba za su shiga kwamiti ba. Kowane ɗan takara ya tashi gaban taro ya faɗi sana'arsa da ta wanda yake ci a ƙarƙashinsa. Za a ji nauyi, musamman in Alhajin ubangidan wani ne, amma gara a ji shi rana ɗaya.

Mai tebur da ke sayar da kara ɗai-ɗai kusa da ashana da alawa fa? Nan ra'ayi kan rabu. Ni dai na ce ya zama mamba, ya yi magana a babban taro, amma kujerar kwamiti a'a. Ranar da aka zo batun ƙarin haraji ko hana sayar da kara ɗaya, ba adalci ba ne a sa shi ya zaɓa tsakanin ƙungiya da cefanen gidansa.

Daga nan ku raba kujeru. Kada ku ce dole kowa ya zama mashayi. Ku ware kujera ga wanda ya daina, da ma'aikacin lafiya, da mace, tunda matan gida da yara ne ke shaƙar hayaƙin a ɗaki. Ku kuma rubuta cewa shugaban da ya daina shan taba ba ya rasa kujerarsa, in ba haka ba kun ɗaure shi da sigari saboda muƙami.

Magatakarda ya iya rubutu da Faransanci, don da shi ake wasiƙa da hukuma. Ma'aji kada ya zama ɗan'uwan shugaba, kuma kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu.

Na ƙarshe, wa'adi da tsigewa. Shekara 2, a sabunta sau ɗaya. Wanda ya ƙi zuwa taro sau 3 a jere ba uzuri, ko aka gano ya ɓoye alaƙarsa da dila, babban taro ya sauke shi bayan an saurare shi. Ku karanta sharuɗɗan da Hausa a gaban kowa, a kaɗa ƙuri'a a kansu, a shigar da su cikin kundin ƙungiya, sannan a buɗe karɓar sunayen 'yan takara.