Yadda za ka haɗa gajeren bidiyo na aji da wayarka

Malam ya ba ku aikin bidiyon minti 2? Fara da takarda da biro. Zaɓi abu ɗaya tak, misali yadda ake dama koko a unguwar Aboabo ta Kumasi, ka jera abin da za ka ɗauka: jiƙaƙƙen gero, injin markaɗe, tata, sai kofi a hannun mai saye.

Sannan neman izini. Ka gaishe da mai kokon, ka ce, "Hajiya, aikin makaranta ne, ko za ki bari in ɗauka?" In ta ce ban da fuskarta, hannuwanta sun isa.

Ka je da sassafe, waya cike da caji, don dumsor, wato ɗauke wuta, ba ya sallama. Goge idon kyamara da gefen riga, riƙe wayar a kwance, ka ba rana baya.

Wajen sauti aka fi faɗuwa. Na farkon da na yi a bakin titin Asawase, ba abin da ya fito sai hon ɗin trotro da ihun yaran mota, dole na sake. Matsa kusa da mai magana, kamar taku biyu, ka ɗauki daƙiƙa 10 ka saurara tukuna. In hayaniya ta ƙi, ɗauki hoton kawai, ka ɗora muryarka daga baya a ɗaki, fanka a kashe.

A CapCut, manhajar gyara bidiyo a waya, ka yanke duk inda ba motsi. Nuna wa ƙanenka kafin ka tura wa malam. Inda ya fara kallon gefe, nan za ka ƙara yankewa.